Yajin Aikin Malaman Firamare da Wurin da Iyaye Suke Tsaye

A ranar 24 ga Maris, 2025, malaman makarantun firamare na gwamnati a ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya Abuja suka ajiye alli, kuma ba su koma aji ba sai a watan Yuli, bayan makarantu sun shafe fiye da wata uku a garƙame. Abin da suka nema shi ne a biya su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ya zama doka tun a watan Yulin 2024, tare da bashin da ya taru a kan ƙananan hukumomin. Ba a sasanta ba sai da ministan Abuja, Nyesom Wike, ya shiga tsakani, aka amince a yi amfani da wani kaso na kuɗin shigar ƙananan hukumomin a rage bashin. Kusan zango guda na karatu ya salwanta ga yaran Abaji da Kwali da Kuje da Gwagwalada da Bwari da cikin birni, a ƙarƙashin hancin fadar shugaban ƙasa da majalisar dokoki ta tarayya.

Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne yadda ƙasa ta ci gaba da harkokinta kamar ba abin da ya faru. A ranar 3 ga Yuni, 2024, lokacin da manyan ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, suka shiga yajin aiki a kan wannan albashi, ma'aikatan wutar lantarki sun kashe babban layin wutar ƙasa, an tsayar da zirga-zirga a filayen jiragen sama, kuma kafin gari ya waye gwamnati ta zauna da shugabannin ƙwadago, a rana ta biyu aka sassauta yajin. Malamin firamare ba shi da makunnin da zai kashe duhu ya shiga gidan minista. Idan ya rufe ajinsa, wanda zai zauna a gida ɗan mai faci ne da ɗan manomi da 'yar mai ƙosai, domin waɗanda suke yanke hukunci a kan albashinmu sun daɗe da kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. Saboda haka ƙarfin yajin aikinmu ba ya wuce gwargwadon yadda iyayen ɗalibanmu suka ɗauki koken nasu, suka matsa wa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa da gwamna. Na daɗe ina koyarwa a firamare, ina kuma cikin Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, wato NUT, kuma ina ganin wannan ita ce gaɓar da muka fi yin sakaci da ita.

Kada wani ya ɗauka ina shakkar haƙƙin malami na ƙin aiki idan an hana shi guminsa. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, kuma a kowane karo malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi su ne na ƙarshe da ƙarin yake isa gare su, a wasu jihohin ma sai bayan shekaru. Da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A shekarar ta 2024 buhun shinkafa guda ya fi ƙarfin mafi ƙarancin albashin baki ɗayansa. Malamin da yake hawa babur zuwa makarantar ƙauye yana ƙone babban kaso na albashinsa a tanki tun kafin ya auna wa iyalinsa masara. Wanda yake cikin wannan hali, aka kuma riƙe masa ƙarin girma da kuɗin hutu shekara da shekaru, ba ya bukatar ya nemi afuwar kowa idan ya ajiye aiki.

A cikin gida, zumuncinmu yana da ƙarfi ƙwarai, kuma duk wanda ya zauna a ɗakin malamai ya san haka. Akwai adashin da ake zubawa ranar da albashi ya shigo, akwai ƙungiyar gama-kai da take ba da rancen hatsi da taki a biya sannu a hankali, akwai takardar gudummawa da take zagayawa daga tebur zuwa tebur idan an yi wa wani haihuwa ko rasuwa. Na taɓa tsayawa a layin tantance ma'aikata a sakatariyar wata ƙaramar hukuma, tun hantsi har bayan la'asar, kowa rungume da fayil ɗinsa: takardar ɗaukar aiki ta farko, takardar tabbatarwa, shaidar karatun malanta ta NCE, takardar ƙarin girma ta ƙarshe, duk an yi musu kwafi bibbiyu. A gabana akwai wata dattijuwar malama da ta kusa ritaya, wadda aka ce sunanta na banki bai yi daidai da na takardar makarantarta ba saboda harafi ɗaya, don haka za a tsayar da albashinta. Ta zauna a gindin bango ta rufe fuska da mayafi. Wani matashin malami da bai taɓa ganinta ba ya durƙusa ya ce, "Baba, kawo takardun, kada ki tashi daga inuwar nan." Ya bar layinsa, ya hau babur zuwa kotu ya yi mata takardar rantsuwa da kuɗin aljihunsa, mu kuma muka riƙe masa wurinsa har ya dawo. Sakataren reshenmu ya bi maganar har sunanta ya koma cikin jerin masu albashi. Irin wannan ɗawainiya ce take sa mutum ya yarda a cire masa kuɗin ƙungiya kowane wata ba tare da ya ji ciwo ba.

Sai dai wannan zumunci yana tsayawa ne a ƙofar makaranta. Mahaifin yaro ba ya jin ɗuriyar ƙungiyar malamai sai ranar da rediyo ta sanar da yajin aiki, kuma abin da yake ji a sanarwar jerin alawus-alawus ne da bai san ma'anarsu ba. Bai taɓa jin muryarmu ba a ranar da iska ta yaye rufin aji uku, ko a shekarar da 'yarsa ta gama aji shida ba ta iya haɗa baƙi. Idan ya kammala a ransa cewa malamai cikinsu kawai suka sani, bai yi mana adalci ba, amma mu ne ba mu ba shi hujjar da zai ga akasin haka ba.

Jihar Kaduna ta nuna mana abin da wannan giɓi yake jawowa. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, wadda ta ce an ɗauko tambayoyinta daga darussan aji huɗu, ta kuma sanar da cewa 21,780 sun kasa samun kashi 75 cikin 100 da ta gindaya. Ta sallame su, ta ce za ta ɗauki sababbi 25,000. NUT ta ce hukumar rijistar malamai ta ƙasa, TRCN, ita ce doka ta ba ikon auna ƙwarewar malami, ta garzaya kotun ma'aikata, ta kuma shiga yajin aiki a watan Janairun 2018, wanda ta janye bayan kwana goma ba tare da an mayar da waɗanda aka kora ba. A 2022 aka sake sallamar malamai 2,357, mafi yawansu saboda ƙin zama wata sabuwar jarrabawa, kuma cikinsu har da shugaban NUT na ƙasa, Kwamared Audu Amba.

Har yau ina ganin an zalunci mutane da yawa a wannan kora. An baza takardun amsar wasu malamai a kafafen sada zumunta domin jama'a su yi dariya, aka shafa wa sana'ar baki ɗaya kashin kaji. An raba dubban magidanta da abincinsu a rana ɗaya, cikinsu har da waɗanda horo na 'yan watanni zai iya gyara musu aiki. Gwamnan da kansa ya ce siyasa ce ta ɓata ɗaukar malamai, amma nauyin hukuncin ya sauka ne a kan wanda aka ɗauka, masu bayar da takardar alfarma kuwa suka ci gaba da sha'aninsu. Duk da haka, akwai tambayar da dole mu yi wa kanmu, ita ce me ya sa iyaye da yawa suka yi shiru, wasu ma suka goyi bayan gwamnati. Amsar a fili take. Sun ga 'ya'yansu suna dawowa gida ba karatu, kuma sun ji gwamnati tana magana a kan ingancin ilimi, ƙungiya kuma tana magana a kan hurumin doka. Shekarun da aka kwashe ana cusa waɗanda ba su cancanta ba cikin aikin koyarwa, a matsayin ladan yaƙin neman zaɓe, ƙungiya ba ta ɗaga murya yadda ya kamata ba, alhali malaman kirki su ne suka fi kowa sanin ɓarnar, domin su ne suke karɓar yaran a aji na gaba. Da mu ne muka fara kai ƙara gaban iyaye a kan wannan cushe, da ranar da aka zo da wuƙa jama'a sun san wanda ya daɗe yana kare 'ya'yansu.

A lokacin rikicin an ga yara 'yan firamare sun cika tituna a wasu garuruwan jihar suna zanga-zanga. Ko wane ne ya fitar da su, bai kyauta ba. Titin da motoci suke gudu ba wurin yaro ɗan shekara takwas ba ne, kuma hoton ya ba gwamnati hujjar cewa ana fakewa da yara. Waɗanda ya kamata a gani a kan titin iyayensu ne, kuma rashin ganinsu da yawa shi ne ma'aunin nisan da ke tsakaninmu da su.

Tarihinmu bai fara da wannan nisa ba. NUT ta kafu tun 1931 a ƙarƙashin jagorancin Rabaran Israel Ransome-Kuti, a Arewa kuma Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar malaman Arewa a ƙarshen shekarun 1940, bayan dawowarsa daga karatu a Landan. Malaman wancan zamani sun nemi gyaran albashi da sharuɗɗan aiki, amma ba su raba wannan da halin da talaka yake ciki a hannun En'e ba, shi ya sa da yawansu suka zama ginshiƙan siyasar neman 'yanci. Gwamnatin PRP ta Alhaji Abubakar Rimi a Kano ta ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta mayar da 1 ga Mayu ranar hutu ta ƙasa a 1981. A watan Janairun 2012 ma, da aka ɗaga farashin fetur daga naira 65 zuwa 141, yajin aikin ƙwadago ya yi tasiri ne saboda 'yan kasuwa da ɗalibai da direbobi da masu sana'ar hannu sun ga kansu a cikinsa, suka fito a Kano da Kaduna da Legas da Abuja, har gwamnati ta sauko zuwa 97. Duk lokacin da ƙungiyar ma'aikatan gwamnati ta ci nasara mai ma'ana a ƙasar nan, za a tarar jama'ar gari suna bayanta.

Abubuwan da za mu tsaya a kansu tare da iyaye ba ɓoyayyu ba ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, kuma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine da kayan aiki daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Shekara da shekaru hukumar tana kokawa cewa biliyoyin naira suna kwance ba a karɓa ba saboda wasu jihohi sun ƙi ajiye nasu kason. A daidai wannan lokaci akwai makarantun da malami ɗaya yake fama da yara fiye da ɗari a aji guda, suna zaune a kan siminti fasasshe, ga allo ya koɗe har alli ba ya kama shi, ga babu banɗaki, abin da yake sa 'yan mata su daina zuwa da zarar sun fara girma. Reshen ƙungiya na jiha yana da ilimi da kafar da zai bi diddigin waɗannan kuɗi, ya fassara lissafin da Hausa, ya kai shi gidan rediyo da gaban majalisar jiha. Ban ga dalilin da zai sa a ba gwamnati wa'adin kwana ashirin da ɗaya a kan alawus, a kasa ba ta irin wannan wa'adi a kan kuɗin da zai rufe ajin da yaranmu suke shan ruwan sama a cikinsa ba.

Haka batun tsaro. A ranar 7 ga Maris, 2024, 'yan bindiga suka shiga makarantar Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun ta Jihar Kaduna suka kora ɗalibai cikin daji, an sako 137 bayan fiye da mako biyu, malamin da aka tafi da shi tare da su kuma bai dawo da rai ba. Kafin nan an yi Ƙanƙara a 2020, an yi Jangebe da Tegina a 2021. A irin waɗannan wurare malami da uba makomarsu ɗaya ce, domin bindigar da ta ɗauki yaro ita ce take ɗaukar mai koyar da shi. Ƙungiya takan fitar da sanarwar alhini, kuma hakan daidai ne, amma aikin da ya fi shi ne a zauna da masu unguwanni da dagatai da kwamitin kula da makaranta a rubuta sunayen makarantun da ba su da katanga ko mai gadi, da waɗanda aka ƙaurace musu, a riƙa tambayar hukuma a kansu a bainar jama'a har sai an ga aiki.

Wannan yana bukatar mu gyara cikin gidanmu. Ana cire kuɗin ƙungiya daga albashin kowane malami tun kafin ya shigo hannunsa, don haka haƙƙinsa ne ya ga lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe, a taron da aka kira shi da wuri, cikin harshen da yake fahimta. Shugaban reshe da ya saba da zaman ofishin shugaban ƙaramar hukuma fiye da zaman ɗakin malamai ba zai iya ɗaga murya ranar da ake bukata ba. Malamai mata su ne suke riƙe da ajujuwa masu yawa a birane, kuma su ne suka fi shiga gidaje su yi magana da iyaye mata, amma kujerunsu a shugabanci ba su kai yawansu a aji ba. Akwai kuma maganar da ba ma son ji: malamin da yake sa hannu a rijista ya wuce kasuwa ko gona, ya bar yara suna tsalle a kan benci, yana cin amanar abokan aikinsa kafin ya ci ta gwamnati. Ƙungiya ta kare shi daga zalunci idan an zalunce shi, ta tabbatar an bi ƙa'ida wajen ladabtar da shi, amma kada ta zama bargon da zai lulluɓa da shi. Uban da ya ga ƙungiya ta tsawata wa ɗanta zai gaskata ta ranar da ta ce an hana malamai haƙƙinsu.

Akwai wata jarrabawa da take gabanmu yanzu. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba ta hannun gwamnoni ba. 'Yan'uwanmu na ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, sun daɗe suna wannan fafutuka, kuma suna da gaskiya, domin asusun haɗin gwiwa ya zama hanyar tatse ƙananan hukumomi. NUT kuwa tana ɗari-ɗari, saboda tsofaffin malamai ba su manta da farkon shekarun 1990 ba, lokacin da aka rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa aka miƙa albashinsu ga ƙananan hukumomi, suka yi watanni ba biya, har aka dawo da hukumar a 1993. Abin da ya faru a Abuja a 2025 ya ƙara wa wannan tsoro ƙarfi. Ƙungiyoyin biyu duk suna ƙarƙashin inuwar NLC, ma'aikatansu kuma maƙwabtan juna ne a kowane gari, don haka bai kamata a bari gwamnoni su yi amfani da tsoron malamai wajen riƙe kuɗin ƙananan hukumomi ba, bai kuma kamata a sayi 'yancin ƙananan hukumomi da albashin malamai ba. Ana iya neman a cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi tun daga tushe, kafin kuɗin ya shiga hannun kowane ɗan siyasa, sannan a riƙa liƙa abin da kowace ƙaramar hukuma ta karɓa duk wata a allon sanarwa na sakatariya. Wannan bukata ce da malami da ma'aikacin lafiya da mai shara da uban yara za su iya sa wa hannu a takarda ɗaya.

Shawarar da nake kai wa reshenmu ita ce kada a sake fitar da takardar wa'adin yajin aiki sai an fara kiran taron iyaye a kowace makaranta, tare da kwamitin kula da makaranta da mai unguwa da limamai da fastoci inda suke. Hedimasta ya tashi ya karanta yawan yaran da ke rijista, da yawan malamai, da yawan ajujuwan da ke da rufi, wani malami kuma ya fito da takardar albashinsa ya karanta abin da yake karɓa da abin da ake binsa. A ba iyaye dama su faɗi abin da suke ƙorafi a kansa game da mu, a rubuta, a ba da amsa. Daga nan a haɗa bukatun albashi da na makaranta a takarda guda, a zaɓi iyaye maza da mata da za su raka wakilan ƙungiya zuwa wurin sakataren ilimi da shugaban ƙaramar hukuma. Idan duk da haka aka ƙi saurare har ya kai ga rufe makaranta, a sanar da iyaye tun da wuri yadda za a rama darussan da aka rasa, musamman ga 'yan aji shida masu shirin jarrabawar shiga sakandare, kuma a cika alkawarin bayan an koma aiki.